Kwali Ɗaya a Motar Balbela

"Kai ka ce mini ba a buɗewa!"

Ukasha ne ya faɗa. Su uku ne a bayan wani gareji a unguwar Sintali ta Jalingo, da la'asar sakaliya, warin baƙin mai ya cika wurin. Ɗantani, ogansu, yana zaune a kan tsohuwar taya yana sakace da tsinken ashana. Victor ya jingina da Golf ɗin da Ukasha ke tuƙa su in za a fita aiki.

"Rage murya, ɗan iska," in ji Ɗantani. "Doka ce ta hana buɗe saƙon mutum. Ƙarya na yi?"

"To ga shi sun riƙe!"

Dabarar Ɗantani ce tun farko. Manyan bindigogi biyu ya saya daga kudu, ya kuma san duk motar hayar da ta shigo Taraba sai an zazzage ta a shinge. Amma motar masu kai saƙo, hannu kawai ake ɗaga mata. Sai ya sa aka warware bindigogin, aka naɗe su da tsumma a cikin kwali, aka rubuta wai kan keken ɗinki ne, aka miƙa wa kamfanin Balbela, masu kai saƙo da lasisin gidan waya. Saura sunan mai karɓa. Ana neman suna mai tsabta, wanda bai taɓa shiga bakin 'yan sanda ba. Ukasha ya ba da na ƙanwarsa Bara'atu, tela ce a Yelwa, ita kaɗai ta rage masa tun rasuwar iyayensu. Bai gaya mata komai ba. A tunaninsa in kwalin ya iso zai raka ta su karɓo, ya ce kayan wani abokinsa ne.

Ɗazu da rana ta kira shi tana dariya. Hamma take ce masa, wato Yaya.

"Hamma! Ashe keke ka saya mini ka yi shiru da bakinka? Wata mata ce ta kira daga Balbela. Wai kwalin ya fi nauyin da aka rubuta, kuma yana warin mai, don haka doka ta ba su ikon riƙewa. Wai in zo jibi da katina a buɗe a gabana. Har na share inda zan ajiye shi!"

Yana kashe wayar ya nufo garejin.

Victor ya ɗaga kafaɗa. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya raba mace da namiji. "Ka ce ma yarinya ɗin kar ya je mana. Shi ke nan."

"In ba ta je ba a gaban 'yan sanda za su buɗe! Sunanta na jiki, da lambarta, da layin shagonta!"

Ɗantani ya tofar da tsinken. "Ni ƙarafana nake ji, kai ƙanwarka kake ji. Hanyar ɗaya ce. Mai loda musu kaya ya tsegunta mini gobe da hantsi za a ɗauko kwalin daga ma'ajiyarsu ta Mil Shida zuwa ofishinsu na Barade. Direba ne da mace ɗaya, babu rakiya. An zagaye shi da jan tef, ba zai ɓace mana ba."

"Mota cike da waya da kayan oda," Victor ya lashe leɓe. "Gobe akwai cin kaza."

"A'a!" Ukasha ya miƙe. "Kwalin kawai. Sauran kayan mutane ne, maganin wani, takardun makarantar wani. Kuma ba harbi. In ba haka ba ku nemi wani direban."

"Ji Alaramma!" in ji Victor. "Tun yaushe?"

Ɗantani ya daɗe yana kallon Ukasha. Sannan murmushi ya buɗe a fuskarsa a hankali.

"Bar shi, Victor. Yadda Malam Ukasha yake so, haka za a yi. Kwali ɗaya."

Ukasha ya ji kamar ya durƙusa ya gode masa.

Washegari da hantsi farar motar Balbela ta baro Mil Shida. Andrawus ne ke tuƙi, dattijo mai furfura, ya ƙure rediyo yana bin waƙar coci. Margaret, ma'aikaciyar da ta sa a riƙe kwalin, tana gefensa, ta ajiye kwalin a ƙarƙashin ƙafafunta.

"Baba, rage wannan abu, kaina yana ciwo."

"Ke dai tun da kika ga kwalin nan ba ki da lafiya. Keken ɗinki ne fa."

"Mamana tela ne, Baba. Man keke ba haka yake wari ba."

Ba ta rufe baki ba Golf ta sha gabansu. Ƙiiii! Andrawus ya taka birki, motar ta yi gefe ta tsaya a bakin kwalbati.

"Kashe mota! Hannu sama!"

Ɗantani da Victor sun dira, fuska a rufe da hula, kowanne da ƙaramar bindiga ƙirar gida. Masu keken Napep suka watse. Wata mai gasa masara ta bar kaskonta ta faɗa ciyawa. Ukasha ya bar Golf a kunne, ya ruga ɓangaren Margaret ya fizge ƙofa. Jan tef! Ga shi nan!

"Miƙo!"

Margaret ta danne kwalin da ƙafa. "Wannan yana hannun doka — ba ni da iko in ba kowa —"

"Madam, don Allah! Don Allah ki saki!"

Ta ɗago ta dube shi. Ba ta taɓa jin ɗan fashi yana roƙo ba. Ta janye ƙafa.

Rediyo na ta ihu. Andrawus ya sauke hannu ɗaya zai kashe ta.

Tau!

Dattijon ya kifa a kan sitiyari, hon ya ɗauki kuka bai tsaya ba.

"Victor! Me ka yi? Rediyo zai kashe!"

"Na sani ne? Ya motsa!"

"A ware!" Ɗantani ya daka tsawa. "Mota! Mota!"

Ukasha ya rungumi kwalin kamar jariri ya jefa a kujerar baya. Golf ta yi juyi ɗaya ta shige lungu, kukan hon na bin su.

Kafin jama'a su gama taruwa, Insfekta Nasiruddeen ya iso da yaransa a Hilux. Ya sa aka ɗauke gawar Andrawus, ya buɗe bayan motar Balbela. Buhunan saƙo a jere, kwalayen waya a shirye, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ya dawo wurin Margaret, tana zaune a bakin kwalbati da jinin dattijon a hannun rigarta.

"Madam, me suka ɗauka?"

"Kwali ɗaya."

"Ɗaya? Suka kashe mutum, suka bar duk wannan?"

"Wanda muka riƙe ne. Shi suka zo nema, ba su ko duba baya ba."

"Na wa ne?"

"Yana cikin kwamfuta, amma na haddace, ni na kira ta jiya. Bara'atu, shagon ɗinki, Yelwa."

Insfekta ya juya ga direbansa. "Yelwa. Yanzu!"

A wani kangon gini a bayan gari suka ɗan laɓe. Victor ya sauya lambar mota, Ɗantani ya zauna yana haɗa bindigoginsa yana fito. Ukasha ya yayyaga kwalin, ya zuba masa fetur, ya tsaya a kansa har takardar da ke ɗauke da sunan Bara'atu ta naɗe ta zama toka. Ya murje tokar da takalmi. Kukan hon bai bar kunnensa ba, amma ya gaya wa kansa ko ba komai ita dai ta fita.

Suka kama hanyar Wukari. An shirya kafin gadar Nukkai Ukasha zai saki kwalta ya bi wata hanyar gona, don akwai shingen 'yan sanda a ƙetaren gadar. Victor na gaba, Ɗantani na baya da sabuwar bindiga a kan cinya, ya rufe ta da darduma.

Wayar Ukasha ta yi ƙara. Ya ɗauka da hannu ɗaya.

"Hamma!" Kuka take yi. "Hamma, 'yan sanda ne a shago! Wai an kashe mutum saboda kekena! Sun ce in shiga mota, ban san komai ba, ka zo ka gaya musu —"

Aka katse.

Titin ya yi masa duhu. "Ta yaya? Na ƙona! Da hannuna na ƙona!"

Victor ya fashe da dariya har yana buga gwiwa. "Ka ƙona kwali, ka ƙona kwamfuta ɗin su? Baaba, mota cike da kaya ka zaɓi guda ɗaya! Ko yaron firamare zai tambaya na waye!"

Ukasha ya kalli madubi. Ɗantani na kallonsa a ciki, da murmushin nan na jiya.

"Oga. Ka sani?"

"Da mun kwashe duka, da sun yi wata suna lalube. Kai ka ce ɗaya."

"Ka sani, ka yi shiru!"

"Yanzu duk 'yan sandan Jalingo suna Yelwa, mu muna nan. Ai ta yi mana amfani. Mace ce, in ta yi kuka za su sake ta."

"Da bindiga a sunanta? Da gawa?"

"To sai ta yi haƙuri. Ga kwanar nan, shiga."

Hanyar gonar ta taho ta hannun hagu, jar ƙasa tsakanin masara. A zuciyarsa Ukasha ya hango Bara'atu da tsintsiya tana share kusurwar shago. Ba wanda zai yarda da ita, sai in an ga bindigogin a hannun mai su, sai in wani ya buɗe baki ya faɗa.

Ya wuce kwanar.

"Kai! Ka wuce!"

Ya taka mai har ƙasa.

"Ukasha! Juya, don ubanka!" Bakin bindigar Ɗantani ya taɓa bayan kujerarsa. "Zan fasa ka, wallahi!"

Gada! Ƙarfen gefe na wucewa fiu, fiu! A can gaba ga ganguna, ga katako mai ƙusoshi, ga 'yan sanda na ɗaga hannu. Victor ya kama sitiyari, Ukasha ya maƙe shi da gwiwar hannu, ya danna hon ya riƙe.

"'Yan fashi ne! Ga su nan! 'Yan fa—"

Tau!

Wani abu mai zafi ya ratsa bayansa ya fito ta ciki. Bai saki sitiyari ba. Tayoyi suka hau ƙusoshi, fam! fam! Golf ta daki ganga, ta juya, ta tsaya a karkace. Victor ya ɓalle ƙofa ya fita yana harbi — bai yi taku uku ba suka zubar da shi. Ɗantani ya jefo bindiga ta taga yana ihu, "Na sallama! Kar ku harba!"

Insfekta Nasiruddeen yana hanyar ofis da Bara'atu a bayan Hilux aka sanar da shi ta oba-oba. Bai tsaya sauke ta ba. Da suka iso, an kwantar da Ukasha a gefen titi, an jera bindigogin biyu a kan Golf, Ɗantani na durƙushe da ankwa yana rantsuwa.

"Yallaɓai, yarinyar ce ke karɓar mana kaya! Tun da daɗewa! Ku tambaye ta!"

"Oga…" Ukasha ya ɗaga yatsa. "Insfekta… zo."

Insfekta ya durƙusa, ya ciro waya ya kunna ɗaukar murya. "Faɗi sunanka."

"Ukasha. Ni na ba da sunanta. Ƙanwata ce. Ba ta sani ba… ta ɗauka keke ne. Nasa ne, Ɗantani, shi ya saya. Ka ɗauka? Ya shiga?"

"Ya shiga."

"Sake ji… ka tabbata."

Insfekta ya mayar masa, ya kara a kunnensa. Ukasha ya ji muryar kansa, siririya, tana cewa ba ta sani ba. Sannan ya sauke kai.

Aka bar Bara'atu ta matso. Tef ɗin awo na rataye a wuyanta har yanzu. Ta kalli bindigogin, ta kalli yayanta.

"Babu keke, Bara," ya ce. "Ki yafe mini."

Kafin motar asibiti ta ƙetaro gada ya cika.

A ofishin 'yan sanda ta kwana, ba ta samu ganin jana'izarsa ba. Muryar da ke cikin wayar Insfekta da shaidar Margaret, cewa yarinyar har godiya ta yi mata da murna ranar da ta kira, su suka fitar da ita. An kai Andrawus ƙauyensu aka binne, ya bar mata da 'ya'ya da jikoki. Gawar Victor ba wanda ya zo nema. Ɗantani yana gidan yari yana jiran shari'a. A Yelwa kuwa, mata suka riƙa aiko yara suna karɓe atamfofinsu ba a ɗinka ba.

Ranar sadakar uku, tana zaune a tabarma cikin 'yan tsirarun maƙwabtan da suka daure suka zo, wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga Balbela, irin wanda na'ura ke turawa. Suna baƙin cikin sanar da ita cewa kayanta sun salwanta a hanya sakamakon fashi, kuma bisa doka kamfani ba ya biyan diyyar kayan da ba a faɗi gaskiyar abin da ke ciki ba. Suna godiya da ta zaɓi Balbela.

Ta karanta har ƙarshe. Hajaratu, maƙwabciyarta, ta leƙo.

"Masu gaisuwa ne?"

Bara'atu ta kife wayar a kan tabarma, tana kallon kusurwar da ta share.

"Kekena ne," ta ce. "Wai ba zai zo ba."