Katakon da Ya Zauna a Sitonmu

"Nan ko can? Kalma ɗaya kawai nake nema a bakinka!"

Ya ajiye zarton a kan benci, ya zare fensirin da ke maƙale a kunnensa, ya tsaya yana kallonsa kamar shi ne ya yi masa tambayar.

Ina tsaye a ƙofar shagonsa, gumi na bin bayana, garin katako ya manne min a ƙafafu. A waje motoci sun cunkushe, kowa ya ɗora hannu a kan hon.

"'Yar Tudu, zauna mana. Kin sha hanya."

"Ban zo zama ba. Gobe da safe zan koma gida. Idan an ɗaura mana aure, a wane gari za mu zauna?"

"Ki ƙara min lokaci, sanyin idona... bai yi ba tukuna."

"Mene ne bai yi ba?"

Shiru.

Wallahi babu abin da ke ƙona min rai irin shirun mutumin nan.

A gidan Yayata na fara ganinsa, bara waccan, lokacin da na zo mata hutun makarantar da nake koyarwa. Shi ne kafintan da ke haɗa mata durowoyin kicin. Tun ranar farko muka soma musu, kuma a kan gari ne. Shi haifaffen wannan babban birni ne na bakin teku, ni kuma 'yar ɗaya babban birnin ce da ke can kan tudu, tafiyar yini guda a mota. Ya sa min 'Yar Tudu, na rama da Ɗan Teku, sunayen suka zauna.

"Wannan gari naku ai hukunci ne," na ce masa ranar. "Ka yi wanki Litinin, Laraba yana nan jiƙe a igiya. Gishiri ya narke a roba, takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Yayata tana fita aiki yaranta na barci, ta dawo suna hamma, rabin rayuwarta a cikin cunkoso."

"Naku fa?" ya ce yana auna bango. "Na taɓa zuwa. Tituna ga faɗi, amma babu kowa a kai. Rana na faɗuwa an ja ƙofofin kantuna. Na nemi ƙusa 'yar inci biyu, aka ce in dawo jibi. Leɓena ya tsage gida uku."

"Amma ka ga sararin sama."

"Na gani. Ba a cinsa."

"A garinmu idan ka faɗi a titi, kafin ka tashi an gane ɗan gidan wa ne."

"Shi ne ma abin tsoron. A nan kowa harkar gabansa yake yi, kuma duk abin da hannunka ya iya, akwai mai nema."

Haka muka yi ta yi, ni in kushe, shi ya kare, har na wayi gari ina kewar musun. Daga baya na gane ba musun nake kewa ba.

Da a ce maganar wanki ce da gishiri, da tuni na haƙura na bi shi. Amma akwai Baba. Tun rasuwar Umma ni ce a gabansa, ni ce auta, sauran duk aure ya watsa su. Baba yana da asma. Sau ɗaya muka kawo shi ziyara gidan Yaya, laimar garin ta kama masa ƙirji, a gadon asibiti ya ƙarasa ziyarar. Likita ya ce kada a sake. Ɗan Teku kuma nan shagonsa yake, nan masu ba shi aiki suke, nan Innarsa take.

Na dube shi ta cikin hawayen da na hana zubowa.

"Shi ke nan. Idan abin da kake jira ya yi, ka nemi wadda ta iya jira."

Ya biyo ni har bakin titi yana kiran sunan da ya sa min. Ban waiga ba.

Na koma gida na tarar da Goggo, ƙanwar Baba, ta zo kwana biyu. Goggo ba ta taɓa son maganar ba, sai ga shi na kawo mata labarin da take jira.

"Na faɗa! Na faɗa tun farko! Mutumin da ya mai da gidan surukai wurin ajiya, shi ne zai bar garinsu saboda ke?"

Katakon take nufi. Watanni da suka wuce wata babbar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, aka sauke dogayen katakai aka cika mana sito. Na kira shi na tambaya, ya ce, "Ajiya ce, ku riƙe min." Shi ke nan. Direban ya jera su yadda aka umarce shi, nesa da ƙasa, da 'yan siraran sanduna tsakanin kowane katako da ɗan'uwansa, ya ce a bar taga a buɗe. Buhunanmu da tsofaffin kujeru suka koma baranda.

Akwai kuma Mai Kemis na kan kwanarmu, wanda ke kawo wa Baba abin shaƙarsa har gida ko ba a aika ba. Mutum ne mai fara'a da turare, Goggo kuwa har addu'a take masa da ƙarfi don in ji.

Wata yamma ya zauna a baranda, ya gyara hula.

"Malama, ba gulma ba ce, amma wani abokina a can ya ce kafintanku ya karɓi aikin wani babban otal. Ƙofofi da gadaje, hawa da hawa. Ai wanda ya samu wannan ba ya da niyyar motsawa."

Na ce, "Allah ya sanya alheri."

Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Da na fito, Baba na zaune a kan tabarmarsa yana gyara rediyo. Bai dube ni ba ya ce, "Auta, zo nan."

Na durƙusa kusa da shi.

"Ki tafi abinki. Kada ki ƙi mutumin kirki saboda ƙirjin tsoho. Zan koma wurin Goggonki."

"Gidan Goggo da hayaƙin itace? Baba, ko wata ba za ka yi ba."

"To in sa ido ina kallonki kina ramewa?"

"Ba inda za ni. Maganar ta wuce."

Ya mayar da kansa kan rediyon. Ranar na san mu biyu muke ɗauke da ciwon.

Ɗan Teku ya yi ta kira, ban ɗauka ba. Saƙonsa kullum iri ɗaya ne: "Ya jikin Baba? Ki yi haƙuri da ni kaɗan." Kaɗan ɗin nan ne ya ishe ni.

Goggo ce ta yanke hukunci. "A mayar masa da tarkacensa, mu samu sitonmu." Mai Kemis ya ce shi zai nemo mota, har da tsohon kafintan unguwarmu da zai ɗaure kayan kada su lalace a hanya. Na ce su yi abin da suka ga dama.

Ranar Asabar da hantsi motar ta zo. Ina tsaye a bakin sito na harɗe hannu, tsohon ya shiga. Ya ɗaga katako ɗaya, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kai hancinsa ya shinshina. Sai ya juyo.

"'Yata, ina za a kai su?"

"Inda suka fito. Bakin teku."

"Kai! Asara ke nan. Duk zaman da suka yi a nan ya tashi a banza."

"Wane zama, dattijo? Ajiya ce kawai."

Ya yi dariya. "Mai ajiya tarawa yake yi a kan juna ya tafi. Wannan da ya sa sanduna a tsakani, iskar garin nan yake so ta shige su. Ga su nan sun bushe sarai, sai aiki. Ko wane ne mai su, a nan yake shirin kafa benci."

Maganarsa ta tuna min wani abu.

Na ruga ɗaki na jawo ɗan akwatin da nake zuba 'yan kunne. Shi ne kyautar farko da ya yi min, da hannunsa, a shagonsa. Bai daɗe a garinmu ba murfin ya karkace, gefe ɗaya ya tsage. Lokacin har tsokanarsa na yi, na ce aikinsa ma ya ƙi garinmu. Na tuna amsarsa kamar yanzu yake faɗa:

"Laifina ne. Katakon ya sha laimar garinmu. Duk abin da zai zauna a garinku, sai katakon ya fara zama a can ya saba, kafin a sa masa zarto."

Na zauna a bakin gado ina lissafin lokaci. Motar katakon ta zo ne jim kaɗan bayan ranar da na fara gaya masa ba zan iya barin Baba ba.

Tun a lokacin!

Na fito da gudu, ɗankwalina a hannu. Har sun ɗora guda biyu a mota.

"Ku sauke! Don Allah ku sauke, ku mayar yadda suke!"

Goggo ta riƙe haɓa. "Yarinyar nan lafiyarki?"

"Ƙalau, Goggo. Yau ma na fi kullum."

Mai Kemis ya ce, "Malama, an fa riga an kira mota..."

"Na gode da ɗawainiya. Zan sallami direban."

Ya dube ni, ya dubi katakon, ya gane. Ya yi sallama a hankali ya tafi. Baba kuwa yana daga kan tabarma yana ta murmushi, har da tari.

Na kira waya, bugu ɗaya Ɗan Teku ya ɗauka.

"'Yar Tudu?"

"Katakonka ya bushe."

Daga bayansa hon ɗin motoci na tashi kamar kullum.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kai ba dai! Haba, mutumin nan... kalma ɗaya ta gagare ka? Ka bar ni ina kuka, ka bar Baba yana shirin ƙaura gidan hayaƙi?"

"Na ɗauka kin gane. Na yi miki bayani ranar akwatin."

"Ni malamar makaranta ce, ba kafinta ba!"

Ya yi 'yar dariya, sannan muryarsa ta sauka. "Inna ce ba ta amince ba tukuna. Ban so in ce miki zan zo, ta hana, in zama maƙaryaci a idonki. Ban kuma so ki ji haushinta tun ba ku zauna ba. Kullum ina lallaɓa ta."

"Aikin otal ɗin fa?"

"Har labarin ya iso muku? Shi ne na ƙarshe. Da shi zan kama shago a wurinku."

Na share hawaye da bayan hannu. "Za ka rasa masu ba ka aiki. Za ka nemi ƙusa a ce ka dawo jibi."

"Na sani. Garinku bai burge ni ba har gobe, masoyiyata. Amma na auna garuruwan biyu ta kowace fuska, ɗaya yana da ke."



Inna ba ta sauko da wuri ba. Na koyi kiranta duk Juma'a ina gaishe ta, tana amsawa a taƙaice, ina ƙara gaisuwar. Sai wata rana ta ce, "Ke 'yar nan, ku zo ku ɗauki kayanku. Gangar jikinsa kawai nake gani a nan. 'Yan'uwansa sun ishe ni, amma duk hutu ina son ganinku." Na yi ta godiya har ta gaji ta kashe wayar.

Bayan bikinmu muka kama gida a layin bayan su Baba, kusa yadda ina jin tarinsa idan taga na buɗe. Gadonmu, teburinmu, da kujera mai jingina da Baba yake zama a kai yana sauraron rediyo, duk daga sitonmu suka fito. Goggo ma ta sa an yi mata kabad, tana cewa ita dama tun farko ta ga alamar hankali a yaron.

Aiki bai zo masa da yawa ba a farkon, kuma har yau yana mita. Gari ya yi shiru da yawa. Tituna babu kowa. Leɓensa ya tsage.

Ran nan da safe yana shirin fita shago, ya miƙo min wani sabon ɗan akwati da ya yi da ragowar katakon. Na buɗe, na rufe. Murfin ya zauna daram.

"Kawo tsohon in jefar," ya ce.

"Taɓa shi ka gani."

Na buɗe tsohon mai tsagar, na ɗauko man leɓe, na shafa masa da yatsana.

"Wannan gari zai kashe ni," ya ce yana ɓata fuska.

"Ba zai kashe ka ba, Ɗan Teku. Sabon zuwa ne kai. Ka zauna kusa da ni, a bar taga a buɗe, za ka saba."