Wutar Gidan Majemi

A wani zamani, can bakin wani gari, akwai wata tsohuwa, matar majemi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, amma mutane ba su daina cewa gidanta warin fata yake yi ba. Ba a aiko mata da goron suna, ba a gaya mata biki. Ko wutar da mata ke ɗiba a maƙwabta kowace safiya, ba mai zuwa ɗiba wurinta.

Duk da haka, kullum sai ta rufe garwashinta da toka, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna tana kallon ƙofa.

Ran nan aka tafka ruwan da ya kashe kowane murhu a garin, sai nata da ke cikin ɗaki. Can sai ga matar mai unguwa da kasko, ta tsaya daga waje, ta toshe hanci da mayafi.

Ta ce, "Iya, a taimaka mana da wuta."

Zuciyar tsohuwa ta ce ta hana. Amma sai ta cika kaskon da garwashi.

Ta ce, "Shigo ki zauna, 'yata, ko ruwa ki sha."

"Sauri nake, Iya. Ajiye a ƙasa, zan ɗauka."

Tsohuwa ta ajiye. Ta koma kan tabarmarta ita kaɗai, tana kallon hayaƙi na tashi gida-gida. Ranar, duk garin da wutarta aka yi tuwo, kuma ba wanda ya ce tuwon yana warin fata.