Matuƙiyar da Aka Goge wa Fuska

"Wagga wa ta?" Rahinatu ta dire wayarta a kan teburin shagon Musaddiƙ da ke Wurno.

"Bangon littafinki na, masoyiya..."

"Littafina na sani. Matag ga nika tambaya!"

Labari ta rubuta na wata 'yar Goronyo da ta tuƙa jirgi zuwa wata tauraruwa bayan dam ya ƙafe, da irin albasa ƙulle a bakin zaninta. Baƙa wuluk ta yi ta, kamar ita kanta, ta sa mata tsagen kakarta a kumatu. Musaddiƙ, wanda magabatansa suka riga suka kai gaisuwa gidan su Rahinatu, shi ya ce zai haɗa bangon a kwamfutarsa.

Ga abin da ya fito: mace fara tas, kumatu sumul, an mayar da ita kujerar baya. Wani namiji mai kama da Musaddiƙ ke tuƙin.

"Masu karatu ba su sayen baƙa, Rahina. Kuma wa yat taɓa ganin mace da irin wanga jirgi?"

"Wa yat taɓa ganin ɗan Wurno cikin taurari? Shi ba ka ce ƙarya na ba."

Ta ƙara duban fuskar, sai ta gane ta. Zubaida ce, 'yar kawunsa ta Rabah.

Ya sunkuyar da kai. "Ita tak kai ma Inna bangon farko. Inna tag ga tsagen, tac ce na bayi na, ba ta haɗa jini da su. Don mu nig goge, wallahi! Ki yi haƙuri har a ɗaura..."

Kullum mace ake ba haƙurin nan, ba a kuma faɗa mata ranar da zai ƙare.

"In mun haifi ɗiya baƙa, da mi za ka goge ta?"

"Haba rabin raina..."

"Maida ta yadda take. Yanzu, gabana."

Ya kai hannu kan kwamfutar. Ta tsaya tana roƙon Allah a ranta, don har lokacin tana son sa.

Hannun ya dawo kan cinyarsa.

"Inna za ta gani," ya ce a hankali.

Rahinatu ta zare zoben da ya ba ta ta ajiye. Ta tare mashin ɗin Goronyo, sai da suka wuce gonakin Kwargaba kukan ya ƙwace mata.

Bai biyo ta ba.