Dutsen da Maharazu Ya Ɗaura wa Kiren

Ana gab da kiran magariba, Hadiza tana kwashe tuwo a tsakar gidansu na Mandawari, wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Ta ɗauka yaran lungu ne. Na biyu cikin miya ya faɗa. Da ta tsamo shi da ludayi, sai ta ga noti ne na ƙarfe, da zafinsa kamar yanzu ya fito daga wuta.

Mijinta Maharazu yana da mota mai kiren, irin wadda take ɗaga janareta ta ɗora a bayanta. Mutum ne da in aka ce abu ya fi ƙarfinsa, ranar ko abinci ba ya ci. A satin nan ya kai motar wurin Ado mai walda, aka ƙara wa hannun kiren ƙarfe, aka sa waya mai kauri. Ado ya ce saura nauyi a ɗaya gefen, in ba haka ba motar kifewa za ta yi. Maharazu ya tuna da wani faffaɗan dutse da ya rufe bakin tsohon ramin rini a Ƙofar Mata. Marina suka ce ba a taɓa shi sai an yi wa masu wurin sallama. Ya ce shi ba ya gaisawa da dutse. Ya kinkimo shi, Ado ya yi masa kejin ƙarfe ya liƙe a jikin motar da walda.

Daga ranar notin, 'yarsu Ikram ta fara rankwafawa. Da hantsi tana tsaye lafiya sai bayanta ya lanƙwashe, goshinta ya kusa ƙasa, jijiyoyin wuyanta su miƙe. Maƙwabta ƙarti su taru, su kasa ɗaga ta. Can kuma sai ta sake. Da magariba kuwa noti ya yi ta zuba, gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi.

Aka ɗauko Malam Yusuf daga Madabo. Ya zauna kusa da kan yarinyar, ya daɗe yana karatu a hankali. Sai bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Malam, rage murya. Ba da kai nake ba."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Me nawa ɗan ya yi wa ubanta? Yana barci cikin dutsen aka kewaye shi da ƙarfe. Ƙarfe ba ya barinmu fita. Duk abin da motar can ta ɗaga, a gadon bayan ɗana yake sauka. Ni kuma nake kawo wa tasa rabonta."

Hadiza ta dubi mijinta. Shi kuwa ƙasa yake kallo.

"Za a yanke kejin, a mayar da dutsen," in ji Malam. "Ke kuma ki fita yanzu."

"Zan fita. Amma kada ya ƙara ɗaga ko tsinke kafin ya mayar. In ya ɗaga, ba zan raba nauyin biyu ba, duka ita za ta ɗauka."

Maharazu ya yi gyaran murya. "Iya, akwai wani aiki ɗaya gobe…"

"Rantse, Maharazu," in ji Malam.

Ya rantse. Ikram ta yi atishawa, ta miƙe zaune ta ce yunwa take ji.

Da safe Maharazu ya gan ta tana tsalle-tsallenta a zaure, bayanta sambal. Ya ce a ransa tsohuwar ta tafi, wa zai kai mata labari? Aikin ɗaga wani ƙaton inji ne da manyan motoci suka kasa, kuma ya riga ya cika baki a gaban direbobi. Yamma ma ai lokaci ce ta mayar da dutse.

Kiren ya ɗaga injin cak, motar ko gezau. Direbobi suka yi ta tafi, ya bar injin yana lilo a sama don kowa ya ƙoshi da kallo.

Ya dawo da ƙunshin tsire a hannu yana fito. A tsakar gida ya tarar da mata tsaye. Ikram tana kwance a bakin famfo, a naɗe kamar tabarma, ƙafafunta ba sa motsi. Malam Yusuf ya rufe littafinsa, ya ce babu kowa a jikinta, babu wanda zai kora.

Ikram ta juyo da ido kawai, ta dubi ubanta, da muryarta ta kullum.

"Baba, ka sauke mana. Ya yi nauyi."