Sallamar da Na Yi wa Ruwan Benis

Shekarar da Kumandan na Gaya ya tafi hutu ƙasarsu, ya tafi da ni, don ni ke yi masa girki. Matarsa ta matsa sai sun je kallon Benis, wani tsohon garin Italiya da titunansa duk ruwa ne.

Ran nan bayan isha'i na fita kallon gari ni kaɗai, har na ɓace cikin lunguna. Ko'ina warin gansakuka. Na sauka wata matakala da ke gangarawa cikin ruwa, ko na samu mai jirgi. Mu a Gaya ba mu kusantar gulbi da dare sai da sallama, bakina kuwa ya riga ni.

"Salamu alaikum."

"Alaikumus salam," aka amsa daga ƙarƙashin gada, kamar mai magana cikin tulu.

Wani baƙin jirgi ya silalo. Matuƙin na tsaye, sandarsa na shiga ruwa babu ko ƙara. Warin gansakuka ya ɗauke, sai ƙarnin lakar gulbinmu.

"Auta, ka daɗe," ya ce. "Shigo in kai ka gida."

Ban da Inna, mutum ɗaya ke kirana Auta: yayana Rabo, wanda jirginsa ya kife a mashigar Malanbil, ba a ga gawarsa ba.

Na dubi ƙafafunsa. Sun kumbura, sun yi fari fat, ga layar da Inna ta ɗaura masa a idon sawu. Na yunƙura in ja da baya, ashe ƙafata ɗaya ta riga ta shiga cikin jirgin.