Ruwan Ɗumi a Gidan Aksolotil

Ranar da Kawu ya zo da akwatin gilashi, Auta ta kasa zama wuri ɗaya. Kawu mai sayar da kifin ado ne, kuma ya yi mata alkawarin wata 'yar dabba mai suna aksolotil.

"Kawu, kifi ne ko ƙadangare?"

"Ba ko ɗaya. A ruwa yake zama, amma yana da ƙafa huɗu."

Tare suka shirya masa gida a kusurwar falo. Suka zuba yashi mai laushi, don yakan haɗiye tsakuwa. Suka kwantar da ƙaramar tukunya inda zai riƙa ɓuya. Kawu yana ta bayani a kan ruwa, Auta kuwa tana ta tsalle. Rabin maganar ko kunnenta bai shiga ba.

Da ruwan ya kwana biyu ya daidaita, Kawu ya kawo shi. Kai, kyakkyawa! Fari ne, da jajayen geza a gefen kansa, bakinsa kamar mai murmushi.

"Mama, zo ki gani! Dariya yake yi mini!"

Wata safiya Auta ta tsoma yatsa a ruwan. Sanyi ƙalau! Tausayi ya kama ta. Ita fa ko wanka ba ta yi sai Mama ta ɗumama mata ruwa.

Ta ɗauko buta ta zuba masa ruwan ɗumi. Ta yaye labule don rana ta same shi sosai.

Da ta dawo daga makaranta, ta miƙa masa abincinsa, wato tana. Ko kallo bai yi ba. Gezarsa ta lanƙwashe, yana yawo a saman ruwa a galabaice.

"Mama! Zai mutu!" Auta ta fashe da kuka.

Mama ta kira Kawu, ya zo da gudu. Yana taɓa gilashin ya ce, "Subhanallahi! Wa ya ɗumama ruwan nan?"

"Ni ce, Kawu. Na ga kamar sanyi yake ji."

"Haba 'yata, ai shi sanyi ne lafiyarsa. Zafi kashe shi yake yi. Maza ɗauko robar ƙanƙara a firji!"

Auta ta ruga. Suka sa robar a ruwan, suka saki labule. Kawu ya ce a bar ruwan ya huce a hankali. Auta ta zauna ta zuba masa ido.

Washegari gezar ta miƙe. Auta ta miƙa masa tana. Caraf, ya cafke!

"Ya ci! Mama, wallahi ya ci!"

Mama ta rungume ta tana dariya.

"Kin gani ko, Auta? Abin da yake miki daɗi, wani cutar da shi yake yi. In za ki kula da dabba, ki saurara da kyau, ki kuma yi tambaya kafin ki taɓa komai."

"Na ji, Mama," in ji Auta. "Gobe ma Kawu sai ya gaji da tambayoyina!"