Albashin Ubale

Wanda bai san Lurwanu ba kafin ya lalace, ba zai yarda ya taɓa zama mai fara'a ba. Mutumin Bebeji ne. Shi da abokinsa Ubale suka taho Riruwai haƙar kuza, zamanin da ramukan ke hannun Turawa. Aikin ya karɓe shi. Yana haƙa yana waƙa, matarsa Tasalla da 'ya'yansu, Sani da Yalwa, ba su san yunwa ba.

Sai aka naɗa Ubale shugaban leburori, aka ƙara masa albashi. Ba a rage wa Lurwanu ko anini ba. Amma tun ranar biyan da ya ga abin da aka zuba wa Ubale a hannu, waƙa ta mutu a bakinsa. Diga ta yi masa nauyi, tuwo ya daina daɗi.

"Malam, wai me aka rage mana?" in ji Tasalla.

"Ba a rage ba. Shi aka ƙara wa."

"To, ai sai mu ce Allah ya sanya albarka."

"Tare fa muka zo garin nan, da tabarma ɗaya!"

Wannan zafin ne ya kai shi wajen Asibi, wata tsohuwar bokanya da ke cikin duwatsu yamma da Doguwa. Da rana tsaka ya isa, amma bakin kogonta duhu ne, ko tsuntsu ba ya kuka a wurin. A ciki ga tukwane a kife, ga ƙahoni an naɗe su da jan ƙyalle, ga wani baƙin dutse da jini ya bushe a kansa, ƙudaje sun rufe shi.

"Ɗan nan, samu kake so, ko fin wani?" ta tambaye shi.

"Iya, ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Mai son samu yakan ƙoshi. Zaɓi."

Lurwanu ya ce, "In fi Ubale."

Ta sa ya yanka baƙin bunsuru a kan dutsen. Ta tsoma yatsa a jinin, ta shafa masa a fatar ido kamar kwalli.

"Daga yau, duk abin da ka gani a hannun wani zuciyarka ta yi zafi, masu dutsen nan za su ji, su kawo maka fiye da shi. Amma ba sa aikin banza. A gidanka za su ɗauki ladansu."

"Me za su ɗauka? Akwai awaki, akwai kaji."

"Su ke zaɓa," in ji ta, ta juya masa baya.

Kafin damina ta fita, Lurwanu ya faɗa kan kuza mai yawa a wani rafin da kowa ya raina. Ya zama ɗan kwangila, leburori suna aiki ƙarƙashinsa. Ya fi Ubale nesa ba kusa ba. Awakinsa suka mutu kaf, ya yi dariya, ya ce lada ya yi arha.

Daɗin bai jima ba. Yanzu ba da leburori yake zama ba, da attajirai yake zama. A Kwanar Dangora ya ga motar lodi ta Alhaji Mainasara, ya ji abin nan ya soke shi a ƙirji. Kafin wata ya ƙare ya mallaki biyu. Ranar da suka iso, Sani yana wasa a tsakar gida ya yanke jiki ya faɗi. Ba zazzaɓi, ba ciwo. Aka binne shi da la'asar.

Lurwanu ya gane. Ya rantse ba zai ƙara duban abin kowa ba. Amma a Kiru ya ga gidan bene na wani mai sayen gyaɗa, kafin ya kau da kai zuciyarsa ta riga shi. Ana gama ginin nasa benen, aka tsamo Yalwa daga rijiya. Tasalla ta zauna bakin rijiyar tana yi wa guga tawai, tana kiransa da sunan 'yarta. Danginta suka zo daga Tudun Wada suka tafi da ita a ɗaure.

Ya koma kogon da gudu. Babu Asibi, babu tukwane. Dutsen kaɗai ya tarar, jinin da ke kansa ɗanye.

Ubale ya zo ta'aziyya, da tsohuwar rigarsa, 'ya'yansa suna biye da shi, ƙaramar tana riƙe da yatsansa.

"Lurwanu, ya haƙuri? Ka zo gidana ka zauna, kada ka kwana cikin wannan ƙaton gida kai kaɗai."

Lurwanu ya ɗaga ido ya ga yaran. Ya ji zafin ya taso, irin wanda bai taɓa ji ba.

"Fitar da su!" ya yi ihu, ya rufe fuska. "Ubale, don Allah fitar da su! Na gani!"

Masu dutse sun ji. Tun daga ranar, benen ya cika da yara. Maƙwabta suna jin gudunsu a matakala, suna jin dariyarsu da rana kata, amma ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya. Lurwanu shi yana ganinsu. Sun fi na Ubale yawa, kuma ladan da ya rage a gidan hankalinsa ne.

Motoci suka ruɓe, leburori suka watse. Shekara da shekaru ana ganinsa a kasuwar Riruwai, idanunsa ɗaure da tsumma, yana kaɗe ƙafafunsa yana roƙo: "Ku sake ni, ni ba ubanku ba ne." Ubale ne ke kai masa abinci har Lurwanu ya mutu, shi ya yi masa sutura.

Kai mai sauraro, in an ba ka naka ya ishe ka, ka riƙe shi ka gode wa Allah. Ranar da ka fara auna shi da na maƙwabcinka, ka kama hanyar kogon nan, ko ba ka san inda yake ba.